Gwaggon Muntaza, Wadda Ta Tona Mini Asiri

Ranar Talata da hantsi Allah Ya karɓi ran Gwaggo a ɗakinta da ke unguwar Muntaza a Doha, tana zaune a bakin gado da carbi a hannu. Na Allah ne mu duka, kuma can muka nufa. Kafin la'asar an yi mata sutura, maza sun tafi da ita, mu mata muka rage a tsakar gida muna kallon juna. Gidan irin tsofaffin gidajen nan ne da aka yayyanka da katako aka mayar ɗaki-ɗaki. Tsakarsa ba ta wuce shimfiɗar tabarma huɗu ba, amma ran nan sai da muka cika ta har bakin titi.

Matan zangon Kumasi, 'yan garinsu, su suka fi kowa kuka, kuma su suka fi kowa aiki. Za ka ga mace tana share hawaye da gefen mayafi, ɗayan hannun yana juya tukunyar wake da shinkafa. Da aka dawo daga maƙabarta, wani Balarabe ɗan ƙasa, magidanci har da furfura a gemu, ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, ya kasa shiga, ya kasa tafiya. Gwaggo ce ta yi renonsa lokacin da ta fara zuwa ƙasar nan aikin gida, kuma gidansu ne suka ci gaba da zama kafil ɗinta, wato masu tsaya mata a takardun zama, har ƙarshen rayuwarta. Ba abin da yake faɗi sai “Yumma, yumma,” wato Inna. Washegari da safe motar makaranta ta zo ta tsaya a ƙofar gidan a daidai lokacin da ta saba. Direban, wani Ba'indiye, ya san an yi rasuwar. Ya kashe mota ya sauko, ya tsaya jim da hannu a ƙirji, sannan ya kwashi yaransa ya wuce.

Ni ban yi kuka a ranar farko ba, kunya ce ta riƙe mini hawaye. Ina zaune a kusurwa na ji wata tana raɗa wa ta kusa da ita: “Ai ita ce wadda ta yi wata bakwai ba ta gaida marigayiyar.” Ba ƙarya ta yi mini ba. Shi ya sa na ga gara labarin ya fito daga bakina, don kada a manta da Gwaggo, don kuma a san irin mutumin da na yi wa fushi.

Ba gwaggona ba ce ta jini. Ni 'yar Zariya ce, ita 'yar Kumasi, a nan Doha muka san juna a wajen wani suna. Kowa Gwaggo yake ce mata, har waɗanda suka kusa kai ta shekaru. Gajeriya ce mai jiki, ba ta sa takalmi sai silifas na maza, wai na mata ba a yi su don tafiya ba. Muryarta kuwa, in ta yi maka raɗa na ƙarshen layi ya ji. Hausarta ta zango ba ruwanta da mace ko namiji, kowa “ya” ne a bakinta, makaranta kuma “sukuu”, sosai kuwa “paa”. In muka yi mata dariya sai ta ce mu 'yan Najeriya mun cika wahalar da baki. Ba ta iya ganin ƙwalar riga a karkace ta ƙyale ba, ko ta waye. Na taɓa gani da idona ta gyara wa wani ɗan sanda.

Bayan ta bar aikin gida, ta yi shekaru tana aikin rakiyar yara a motar makaranta. Ita ce mai zama kusa da ƙofa, ta hau da yaro, ta sauke shi, ta leƙa ƙarƙashin kujeru kafin a rufe mota kada a bar wani yana barci. Da gwiwoyi suka gaza ta ajiye aikin, amma motar ba ta daina tsayawa a ƙofarta ba, ga kuma dalili. A garin nan kowane gini yana da ɗan allo shuɗi mai lamba a jikin bango, kuma motar makaranta ba ta ɗaukar yaro sai a lambar da ke cikin takardunsa. Rasa ɗaki kuwa ba abin mamaki ba ne a wurinmu. Yau hukuma ta ce a kwashe daga gidan da aka yayyanka, gobe kamfani ya rufe ya karɓe gidan da ya ba ma'aikacinsa. Iyali su watse, uba ya nemi gado a ɗakin maza, uwa da yara su yi ta kwana gidan 'yan uwa. Yaron da ba shi da lamba ba inda mota za ta same shi. Abin da mutanenmu suka saba yi shi ne su ce ya zauna tukuna, sai an sami wuri.

Wannan “sai an sami wuri” Gwaggo ba ta ƙi jinin komai kamarsa ba. Takan ce, “Yaro ba shi ya sa hannu a takarda haya ba. Don me za a kore shi sau biyu?” Sai ta mayar da lambar gidanta ta duk yaron da ya rasa tasa. Ta ɗaura igiya daga taga zuwa ƙusar bayan ƙofa, kayan makarantar yaran suna rataye a kai, wankakku gogaggu. Duk inda yaro ya kwana, da safe ya zo nan ya sa kaya, ya sha koko da ƙosai, ya hau mota. Sharaɗinta ɗaya ne, kuma ba ta sassauta shi ga kowa: sai an je an gaya wa makaranta gaskiya, sun rubuta lambarta da saninsu. Duk wannan na san shi tun kafin abin ya zo kaina. Har yaba mata nake yi, yadda mutum ke yabon maganin cutar da yake ganin ba za ta taɓa kama shi ba.

Maigidana karatu ya kawo shi, da ya gama ya sami aiki a wani kamfani, suka ba mu gida a unguwar Sumama. Muna da 'ya ɗaya, ita ce ta fari, ita kaɗai kuma Allah Ya ba mu. Tana ajin ƙarshe na sakandare kamfanin ya rufe, aka ba mu mako biyu mu bar gidan. Kuɗin makarantarta na shekarar an riga an biya, nan ba matsala. Matsalar ita ce inda za mu sa haƙarƙarinmu. Shi ya sami gado a wani ɗaki a unguwar Najma da maza biyar, yana fafutukar neman wani aikin. Ni da yarinyar muka rarraba kayanmu gida uku na ƙawaye, mu kwana biyu nan, uku can, kada mu gundure kowa. Kowace ƙawa na ce mata gyara ake yi mana a gida.

Ranar Lahadin farko na zauna na rubuta wa makaranta saƙo da Turancina mai kyau, na ce an yi mana rasuwa, mun tafi Najeriya. Na karanta shi sau biyu ina jin daɗin yadda na tsara shi. A ganina na rufa mana asiri. Yaya za a yi a ce 'yar wane, wanda ake kira a yi masa tambaya a taron 'yan ƙasarmu, ba ta da wurin kwana? Na ce wa yarinyar ta yi haƙuri, mako ɗaya ne ko biyu.  Kullum da safe takan tashi a lokacin da ta saba, ta yi wanka, ta zauna a gefen katifa da littafi a cinya. Mako ɗaya ya zama uku.

Wata Laraba da hantsi muka shiga wani kanti a Najma sayen burodi, sai ga Gwaggo tana taɓa tumatir ɗaya bayan ɗaya tana yi wa mai kanti faɗa. Na so in juya, ta riga ta gan mu. Ba ta kalle ni ba, yarinyar ta kalla, sannan ta kalli agogon bango.

“Yarinya nan, me ya sa bai tafi sukuu ba?”

Na ce, “Ba ta jin daɗi ne, Gwaggo.”

Ta sa bayan hannu a goshin yarinyar, ta ja fatar idonta ta duba. “Lafiya shi lau. Ke, gaya mini, ina kuka kwana jiya?”

Yarinyar ta dube ni, ta sunkuyar da kai, sai hawaye. Shi ke nan, Gwaggo ta ajiye tumatir ɗinta. Ta ce gobe ƙarfe bakwai mu same ta a ƙofar makaranta, in kuwa ba ta gan mu ba za ta shiga ita kaɗai, kuma na san za ta aikata. Ba don na yarda na je ba, don tsoron abin da za ta faɗa a bayan idona na je.

Aka kai mu ofishin matar da ke kula da al'amuran ɗalibai, wata 'yar Sudan mai sanyin magana. Ta buɗe kwamfuta ta yi mana ta'aziyyar rasuwar da ba a yi ba, na amsa da “na gode” ina jin kamar ƙasa ta tsage. Sannan ta ce ta yi ta kiran wayata ba na ɗauka. Yarinyar ta wuce kwanakin da aka yarda ɗalibi ya yi fashi ba takarda, a yau ɗin nan za a cire sunanta a ba wani kujerar, kuma jerin masu zana jarrabawar ƙarshe an kusa rufe shi. In sunanta ya fita, sai dai ta maimaita shekara, in ma an sami gurbi. Ta dube ni ta ce, “Ke ce mahaifiyarta. Akwai abin da za ki gaya mini?”

A nan ne na yi abin da har yau in na tuna nake jin zafi. Na yi shiru. Abu biyu suka ɗaure mini harshe. Na farko asirin da nake ta rufewa. Na biyu kuwa, a gidanmu uwa ba ta tsaya wa ɗan fari a gaban mutane. Ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa, ba ta roƙo dominsa, wannan aikin gwaggo ne ko kaka. Haka uwata ta yi mini, haka na tashi na gani, ban taɓa tunanin wata rana zai zame mini igiya a wuya ba. Ga ni da digirina, ga Turanci a bakina, ana shirin cire 'yata daga makaranta, ni kuwa ina kallon igiyar jakata.

Gwaggo ta ba ni lokaci, na shaida mata wannan. Ta jira har shirun ya yi nauyi. Sannan ta gyara zama ta buɗe baki da Larabcinta na kicin, wanda ba ya bin ƙa'ida amma ba wanda bai gane shi. Ta ce ba wanda ya mutu, ba inda muka je. Ta ce an karɓe gida, uban yana kwana da maza biyar a Najma, uwa da 'ya suna yawo gida uku da kaya a leda. Ta ce yarinyar nan tana da ƙoƙari, kuma ba ita ta rubuta saƙon ba. Ba ta rage komai ba, kuma da muryar nan tata ta faɗa. Bangon ofishin gilashi ne da bai kai rufi ba. A waje, kan kujerar jira, matar wani abokin karatun maigidana tana zaune, ta zo karɓar takarda. Na ga lokacin da ta ɗago kai.

Matar ofis ta saurara har ƙarshe. Ta cire tabarau ta ce da ni, a hankali, da na zo tun ranar farko da ba a rubuta wa yarinyar fashi ko na kwana ɗaya ba. Ta ce ba mu ne na farko ba, rashin gida ba ya cikin abin da ke raba ɗalibi da kujerarsa, haƙƙinta ne ta ci gaba da zuwa. Ta ɗauko takarda ta ce in rubuta lambar gidan Gwaggo a matsayin wurin ɗauka na wucin gadi. Za a ba yarinyar akwatin ajiya, za a bar ta a ɗakin karatu har la'asar. Amma makon ukun nan sai an cike shi: bayan wata ɗaya za a yi mata gwaji a kan abin da ya wuce ta, in ta ci sunanta ya shiga jerin, in ta faɗi ko ta makara, ba abin da za ta iya yi mana. Nan take aka kira wata malama ta tafi da yarinyar aji, da abayarta ta gida.

Muna fita filin ajiye motoci na juya wa Gwaggo. Ban taɓa ɗaga wa babba murya ba sai ran nan.

“Gwaggo, kin tona mini asiri! A gaban matar nan! Kafin magariba duk Doha ta ji.”

“To su ji. In sun ji sai me? Za su cire ki daga sukuu?”

“Da kin bar ni na faɗa da kaina, yadda ya dace.”

“Na bar ki paa. Kin yi shiru kamar an aiko ki kallo. Kunya na ɗan fari, ki aje shi a Zariya, can akwai kaka, akwai gwaggo goma da za su yi magana. Nan wa yarinya ke da shi? Ke kin ɗauki ɗiya kin yi murfi da shi kin rufe asiri. Halas, shi ke nan, na buɗe.”

Na ce mata daga yau ba ruwanta da ni. Ta ce ta ji, amma yarinya ƙarfe shida saura kwata, kuma kada a zo mata da safa mai datti.

Labari kuwa ya bazu, kamar yadda na faɗa. Ƙawayen da na ce wa gyara ake mana suka riƙa kallona da tausayi, tausayin ya fi mini zagi ciwo. Wata ta ce, “Haba, ai da kin faɗa.” Abin haushin ma, daga ranar suka daina nuna gajiya da mu, ɗaya har ta ba mu ɗakin yaranta na mako biyu cur. Maigidana ya ce mini, “Gwaggo ta fi mu gaskiya.” Shi ma na haɗa da shi na yi kwana biyu ba na amsa wayarsa.

Haka muka shiga sabon tsari. Duk gidan da muka kwana, ana idar da sallar asuba mu fito mu nufi Muntaza. Ni ina tsayawa a kwanar layi wajen wani kanti, yarinyar ta ƙarasa. Ba a minti biyar sai ta dawo da kofin koko a rufe da faranti, ta ce in ji Gwaggo. Ina shanyewa tas, don fushi bai hana ni jin yunwa ba, amma ban taɓa aika mata da godiya ba. Daga inda nake ina hango ta a bakin ƙofa tana jera su, 'yata da wasu 'yan mata biyu 'yan Ghana da wata 'yar Sudan, tana duba farce, tana gyara ɗankwali. In mota ta tashi takan bi ta da ido har ta sha kwana. Ba ta taɓa kallon inda nake ba, ni ma ina yi kamar ina duba waya.

Da yamma yarinyar takan sauka a can ta yi karatu kafin in zo ɗaukarta. Teburin guga shi ne teburinta, littattafanta suna cikin kwali a ƙarƙashin gado. Gwaggo mai son wa'azi a waya da ƙarfi ta daina kunnawa. Ita da ba a raba ta da baƙi, ta koma korarsu tun daga ƙofa: “Ku tafi, akwai jarrabawa a gida nan.” Yarinyar ta gaya mini wani lokaci takan zauna a gefe tana kallonta tana rubutu, in ta ɗago sai ta ce, “Ci gaba, ba kai nake kallo ba.”

Ranar gwajin nan da aka ce kada a makara, a Najma muka kwana gidan wata ƙawa. Mijinta ya fita masallaci ya kulle ƙofa ta waje, ya wuce wurin aiki da makullin, ita kuma nata ya ɓace tun makon jiya. Kafin a same shi a waya ya juyo, shida ta wuce. Muka fito da gudu, tasi ta ƙi samuwa sai da ƙyar. A cikin motar yarinyar ba ta yi kuka ba, ta dai riƙe hannuna, abin da ba ta saba yi ba. Na san mota ta tafi, direban nan ba ya jiran kowa fiye da minti biyu. Muna shan kwana sai ga motar a tsaye. Gwaggo tana zaune daram a kan matakalar ƙofar motar, ta cire silifas ɗaya, ta miƙe ƙafa, leda a cinya. Direba ya dafe kai yana cewa, “Mama, yalla, yalla!” Ita kuwa tana cewa, “Gwiwa na ya riƙe, ka taɓa ganin an ja tsohuwa?” Tana hango mu ta miƙe tsaye garau, ta cusa wa yarinyar ledar, kayan makarantarta ne a ciki da ƙosai, ta ce ta sa a can. Ta juya ta ce wa direba me yake jira, yana ɓata wa yara lokaci.

Na san a ranar ya kamata in durƙusa a gabanta a bakin titin nan. Muna tsaye mu biyu, motar ta tafi, tana neman silifas ɗinta da ƙafa. Bakina ya cika da magana, amma girman kai ya danne ta. Na juya na koma kwanar kantina. Yarinyar ta ci gwajin, sunanta ya shiga jerin.

Bayan wata huɗu maigidana ya sami aiki, muka kama ɗaki a nan Muntaza, layi biyu tsakaninmu da Gwaggo. Muka sami lambarmu. Na ce a je a canza a makaranta, yarinyar ta ce a bari sai ta gama, ta saba da can. Maigidana yana zuwa gaida Gwaggo duk Juma'a, ya dawo ya ce tana gaishe ni, in ce ina amsawa. In na hango ta a hanya sai in tsallaka. Yanzu ba fushi ba ne, fushin ya daɗe da hucewa. Na rasa ta inda zan fara ne, kuma kullum da aka ƙara kwana abin yana ƙara nauyi.

Aka yi jarrabawa, aka jira, sakamako ya fito. Ta ci, kuma ci mai kyau. Na ce ta ɗauki takardar ta kai wa Gwaggo ta gani. Yarinyar da ba ta taɓa musa mini ba ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, “Umma, ba zan je ni kaɗai ba.”  Na ɗauki mayafi.

Mun same ta tana guga. Ta amsa sallama kamar jiya muka rabu, ta ce in kawar da kwandon can in zauna. Ban zauna ba, na durƙusa na ce, “Gwaggo, ki yafe mini.” Kukan da na riƙe wata bakwai ya zo gaba ɗaya. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce, “Tashi, kina jiƙa mini kaya yara. Na yafe tun a filin mota.” Na miƙa mata takardar da hannu biyu. Ta goge hannu a zane ta karɓa, ta daɗe tana kallonta, ta shafa hatimin da yatsa. Sai ta miƙa wa yarinyar.

“Karanta mini. Ni ban iya ba.”

Na ɗauka wasa take yi. Na ce, “Gwaggo, duk shekarun da kika yi da takardar sunayen yara a mota?”

“Fuska nake karantawa.” Ta kashe dutsen guga ta zauna a bakin gado. “Na yi sukuu, aji uku. Ina so shi paa. Wuta ya ci gida namu a zango, muka rarrabu gida dangi. Baba na ya ce in zauna tukuna sai mun samu ɗaki. Na bar littafi na a cikin teburi, don na ce mako mai zuwa zan komo. Mun samu ɗaki bayan shekara. Lokaci nan ina ɗaukar koko a kai ina bin Inna na kasuwa.” Ta dube ni. “Ba wanda ya kore ni, kin gani. Ba dai wanda ya ce in koma.”

Ba ta yi kuka ba, ni ce na yi ta yi. Ta dafa gefen gado ta ce wa yarinyar ta zo nan kusa, ta fara daga sama, kada ta tsallake komai, kuma a hankali. Yarinyar ta karanta darasi ɗaya bayan ɗaya da makinsa, Gwaggo ta lumshe ido tana gyaɗa kai. Da aka kai ƙarshe ta ce a sake. Sau uku aka karanta mata.

Shekara biyu ta ƙara a duniya bayan wannan, ban kuma tsallaka titi don ita ba. Ya Allah, baiwarKa ce ta zo gare Ka, baƙuwa a ƙasar da ba tata ba. Ka yafe mata, Ka yalwata mata makwanci, Ka ba ta gida a wurinKa wanda ba mai cewa ta tashi. Mu da muka rage Ka ba mu haƙurin rashinta, Ka sa mu cika da imani. Amin.